Iskar metan ta ramukan kwal: tambayoyi da amsoshi

A Garwa, Marwa, Kusiri ko Njamena, da zarar an ɗauke wuta a tsakiyar zafin bazara, hirar majalisa takan karkata ga yadda wasu ƙasashe ke samun lantarki. Cikin labaran da ke yawo a wayoyi akwai na wata iska da ake zuƙowa daga ramukan haƙar kwal a Sin da Jamus ana mayar da ita wuta. Labarin gaskiya ne, sai dai masu yaɗa shi rabinsa suke faɗa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Malam, wace iska ce wannan, kuma me ya kai ta cikin kwal?

Sunanta metan. Ita ce kaso mafi yawa a gas ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ke juya injinan tashar lantarki ta Kribi. Ita ce kuma ke tasowa da kumfa idan ka taka laka a tsohon tafki. Ba ta da launi, ba ta da wari, nauyinta kuma ɗan sama da rabin na iskar da muke shaƙa ne, shi ya sa kullum sama take nema.

Asalin kwal tsirrai ne. Shekaru miliyoyi da suka wuce dazuzzukan fadama suka mutu, laka da yashi suka binne su, nauyin ƙasa da zafinta suka yi ta dafa su a hankali har suka zama baƙin dutse mai cin wuta. A cikin wannan dahuwa metan ke samuwa. Wani kaso ya sulale ya fice tun da daɗewa, wani kuma ya maƙale a 'yan ƙananan ƙofofin da ke jikin kwal, duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka danne shi. Kamar kwalbar lemo ce da ba a buɗe ba, ba ka ganin iskar sai ka cire murfi. Ranar da injin haƙa ya fasa shimfiɗar kwal, murfi ya tashi ke nan. Galibi idan kwal ya fi zurfi kuma ya fi nuna, iskar da ke jikinsa ta fi yawa. Akwai wanda ton ɗaya ke riƙe da kubik mita 10 zuwa 20, har fiye.

Kwal ɗin nan shi ne gawayin da muke saye a buhu?

A'a. Gawayi itace ne da aka ƙona a turare, babu metan da ke ɓoye a cikinsa. Kwal kuwa daga ƙasa ake tono shi. Ramin ƙona gawayi da ke bayan gari ba shi da alaƙa da wannan magana.

Me ya sa masu haƙa ke tsoronta haka?

Saboda ta kashe su da yawa. Metan ita kaɗai ba ta fashewa. Sai ta gauraya da iska ta kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, daga nan tartsatsi ɗaya ya isa: ƙarfe ya gogi dutse, waya ta yi ƙyas, ko wani ya ƙyasta ashana. Ƙasa da kashi 5 ta yi kaɗan ta kama, sama da 15 kuma iskar da wuta ke bukata ta yi mata kaɗan. Fashewar ta fi muni a wajen kashi 9 da rabi.

Abin da ke ƙara ɓarna shi ne ƙurar kwal. Metan takan kunna wutar farko, girgizar ta tayar da ƙurar da ke kwance a hanyoyin ramin, ƙurar ta kama, wuta ta yi ta gudu har kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. Wanda wuta ba ta cimma ba, hayaƙi mai guba da ya biyo baya ya shaƙe shi. A Courrières da ke arewacin Faransa, a watan Maris na 1906, mutum 1,099 suka mutu. A Benxihu ta ƙasar Sin, a 1942, mutum 1,549. A nahiyarmu, a ramin Wankie, wato Hwange ta Zimbabuwe a yau, fiye da mutum 420 suka hallaka a watan Yuni na 1972. Kada a ɗauka tarihi ne da ya shuɗe: mutum 51 a Listvyazhnaya ta Rasha a 2021, mutum 46 a Kostenko ta Kazakistan a 2023, kusan 50 a Tabas ta Iran a 2024.

Duk wanda ke son fahimtar wannan harka ya riƙe wannan: ba don neman lantarki aka fara zuƙo iskar ba. Don ma'aikata su koma gida da ransu aka fara. Lantarki daga baya ya zo.

Tunda ba ta wari, yaya ake sanin tana nan?

A da can akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya lulluɓe jikinsa da jiƙaƙƙen buhu, ya yi rarrafe da kyandir a kan doguwar sanda, ya ƙone iskar da ta taru a rufin rami kafin sauran su shigo. Ba kowa ke tsufa a wannan aiki ba. A 1815 wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, ya ƙera fitila mai ragar ƙarfe da ke hana harshen wuta fita waje, kuma launin harshen yakan nuna ko akwai metan. Tsuntsun kanari da aka riƙa shiga da shi rami a keji, wanda sai a 1986 aka daina a Birtaniya, shi aikinsa gano hayaƙi mai guba ne bayan gobara, ba metan ba.

Yanzu na'urori ke aunawa dare da rana, wasu a jikin inji, wasu a ɗamarar ma'aikaci. Dokar Amurka ta ce idan metan ta kai kashi 1 a wurin aiki a kashe injinan lantarki a gyara iska, idan ta kai kashi 1.5 a fitar da mutane. Yawancin haɗurran zamanin nan ba rashin na'ura ke jawo su ba, yin biris da abin da na'urar ta nuna ne, don kada aiki ya tsaya.

Ta wace hanya ake fitar da ita?

Hanyoyin sun bambanta, kuma a nan ne masu yaɗa labari ke cakuɗa abubuwa.

Ta farko ita ce fanka. Kowane rami mai zurfi yana da manyan fankoki da ke tura sabuwar iska ciki su jawo tsohuwa waje. Iskar da ke fita tana da yawan gaske, amma metan da ke cikinta ba ta kai kashi 1 ba, don da gangan ake tsarma ta har ta kasa kamawa. Abin takaici, fiye da rabin metan da ramukan ƙarƙashin ƙasa ke saki ta nan take fita, kuma ita ce mafi wuyar amfani.

Ta biyu ita ce zuƙa. Ana huda rijiyoyi irin na burtsatse daga sama, ko a huda shimfiɗar kwal a kwance daga cikin ramin, a haɗa bututu da famfo. Idan an huda tun kafin haƙa ta iso, wani lokaci da shekaru, iskar kan fito da ƙarfi, har ta wuce kashi 90. Idan kuma daga wurin da aka riga aka kwashe kwal rufi ya rufta ake zuƙowa, takan gauraya da iska ta sauko zuwa kashi 25 ko 60, yau sama gobe ƙasa.

Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da haƙar kwal sam. Suna huda shimfiɗar kwal ne don gas kawai, su bar kwal a inda Allah ya ajiye shi. Wannan sana'ar gas ce zalla. Kafin iskar ta fito sai an tsotse ruwan da ya danne ta, ruwa mai yawa, sau da dama mai gishiri. A jihar Queensland ta Ostireliya, inda tun 2015 ake sanyaya irin wannan gas ya zama ruwa a tsibirin Curtis ana lodin jiragen ruwa zuwa Asiya, rigimar manoma da kamfanoni a kan ruwan rijiyoyinsu ta daɗe. Mu da ke lissafin kowane bokiti a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yaya ake mayar da ita wuta, kuma nawa take bayarwa?

Mafi yawa ana tace ta daga ruwa da ƙura a tura ta cikin manyan injinan janareto masu aiki da gas. Injinan na son metan ta kai aƙalla kashi 25 zuwa 30. Lissafin ba shi da wuya: kubik mita ɗaya na tsantsar metan na ɗauke da makamashi kimanin kilowat-awa 10. Inji mai kyau kan mayar da kusan kashi 40 cikin 100 lantarki, wato kilowat-awa 4. Don haka injin megawat ɗaya na shan kusan kubik mita 250 a kowace awa. Sauran makamashin zafi ne. A ƙasashen sanyi suna ɗumama gidaje da bakin rami da shi. Da a wajenmu ne, busar da amfanin gona za a yi da shi, don zafi dai ba mu rasa ba.

Iskar da ta kai kashi 95 bayan tacewa ana iya zuba ta a bututun gas na gari, ko a matse ta a ba motoci. Ita kuwa ta fanka, wadda ba ta kai kashi 1 ba, ana bi da ita ta cikin wata na'ura mai duwatsun tangaran da aka zafafa har kusan digiri 1,000, metan ta ƙone ba tare da harshen wuta ba. A West Cliff ta Ostireliya an haɗa irin wannan da tukunyar tururi a 2007 aka samu kimanin megawat 6. Dabarar tana aiki, amma da tsada.

Ina aka yi aka gani?

Babban misali shi ne tashar Sihe kusa da birnin Jincheng a lardin Shanxi na ƙasar Sin: injina 60, megawat 120, tun 2008. Don a gane girman abin, madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda Sinawa suka kammala a 1982 kuma arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da ita, megawat 72 aka gina ta ta bayar. A yankin Jincheng har gidaje da motocin haya na amfani da gas ɗin kwal. A Ostireliya ramukan Appin da Tower sun kafa injina 94 masu megawat ɗaya-ɗaya tun tsakiyar shekarun 1990. Polan da Amurka ma suna yi.

Idan an rufe rami, iskar ta ƙare?

Ba ta ƙarewa nan take. Kwal ɗin da ya rage da duwatsun da suka tsattsage kan ci gaba da saki shekaru da yawa, yana raguwa a hankali, sai fa idan ruwa ya cika ramin ya danne ta. Jamus ta rufe ramin baƙin kwal na ƙarshe, Prosper-Haniel a garin Bottrop, a watan Disamba na 2018, amma a yankunan Ruhr da Saar injina na nan suna shan iskar tsofaffin ramuka. Abin da ya ba su ƙarfi doka ce ta shekarar 2000 da ta tilasta sayen wutar a kan tsayayyen farashi. A arewacin Faransa an daina haƙar kwal a 1990, har yau kamfanin Gazonor na zuƙo gas a wurare irin su Avion. Ko ba don kuɗi ba sai an zuƙa, don iskar da aka bari takan bi tsaga ta shiga ɗakunan ƙasa na gidajen mutane.

Ai ƙona ta ma hayaƙi ne. Ina ribar ga yanayi?

Gaskiya ne, ƙona metan na fitar da iskar kabon. Amma a duba lissafi. Ton ɗaya na metan da ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar ton 28 zuwa 30 na iskar kabon idan an auna a kan shekara 100, kuma kamar ton 80 idan an auna a kan shekara 20. Idan ka ƙone wannan ton ɗaya, ton 2.75 na kabon kawai zai fita. Ɓarnar ta ragu kusan ninki goma. Kuma metan ba ta daɗewa a sama, wajen shekara 12 ne, don haka rage ta yau na nuna sakamako a rayuwar wanda ya rage.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, na ƙiyasta cewa haƙar kwal na sakin kimanin ton miliyan 40 na metan a shekara, kuma Sin, wadda ke haƙo kusan rabin kwal na duniya, ita ce kan gaba. A taron yanayi na Glasgow a 2021 ƙasashe fiye da 100 suka yi alkawarin rage metan da kashi 30 kafin 2030, amma Sin da Indiya da Rasha ba su sa hannu ba.

Ra'ayina a nan a fili yake. Inda rami ya riga ya wanzu, barin iskar ta tsere sakaci ne. Amma wanda ya ce a buɗe sabon ramin kwal don za a kama iskarsa, yana yi maka wayo ne. Kwal ɗin da za a fitar a ƙona ɓarnarsa ta ninka abin da aka ceto nesa ba kusa ba.

In haka ne, me ya sa har yanzu ake sakin mafi yawanta?

Kamfanin kwal kwal yake sayarwa. A wurinsa gas matsala ce da yake son rabuwa da ita ta hanya mafi arha, kuma babu mai arha kamar fanka. Ga shi yawan iskar da ƙarfinta na canzawa da yadda haƙa ke tafiya, mai saka jari kuwa yana son abin da zai lissafa na shekara 15. A wasu ƙasashe takardar izinin kwal na hannun wani, ta gas na hannun wani, sai a ɓata shekaru ana jayayya. Akwai kuma haɗarin bi da iska mai rauni a bututu, domin idan ta sauko kusa da kashi 15 bututun kansa ya zama bam.

A wani lokaci kuɗin rage gurɓata yanayi da yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta haifar sun tallafa wa ayyuka da yawa, musamman a Sin. Farashin takardun shaidar rage gurɓatar da ake sayarwa ya rushe a 2012, wasu ayyukan suka tsaya. Abin da ke sauya lissafi yanzu doka ce da ido. Tarayyar Turai ta kafa dokar metan a 2024 da ke taƙaita sakin iskar daga ramukan kwal, taurarin ɗan'adam kuma, irin Sentinel-5P da aka harba a 2017, na iya hango manyan wuraren da iskar ke tsiyaya.

Muna da kwal a Kamaru ko Cadi da za a yi wannan?

Babu ramin kwal na kasuwanci da ke aiki a Kamaru ko a Cadi. Inda babu rami kuwa babu iskar rami. Wasu kan ce ai kwarin Garwa reshe ne na babban kwarin Binuwai, kuma a can ɓangaren Najeriya akwai kwal. Dangantakar duwatsun gaskiya ce, amma dangantaka ba ta zama shaida. Shaida ita ce a huda ƙasa, a ciro samfurin kwal, a rufe shi a gwangwani a auna iskar da yake saki, a san kaurin shimfiɗar da zurfinta da ko iska na iya ratsa ta.

Don haka idan wani ya zo maka da takarda mai hatimi yana neman ka zuba kuɗi a kamfanin gas ɗin kwal a yankinmu, ɗan'uwa, tambaye shi rijiya nawa aka huda, a ina, kubik mita nawa a ton, wa ya auna, ina lambar izinin ma'aikatar ma'adinai. Idan ya fara kame-kame, riƙe aljihunka.

Maƙwabtanmu fa?

Najeriya ta gano kwal a yankin Inugu a 1909, ta fara haƙa 'yan shekaru bayan haka don jiragen ƙasa, amma sana'ar ta durƙushe bayan zuwan man fetur da yaƙin basasa. A Maiganga ta jihar Gombe ana haƙar kwal don masana'antar siminti ta Ashaka. A Nijar kamfanin Sonichar na haƙa a Anu Araren kusa da Cirozerin, yana ba Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta. Sai dai Maiganga da Anu Araren duka buɗaɗɗun ramuka ne da ake yaye ƙasa daga sama. Kwal na kusa da sama iskarsa kaɗan ce, ɗan abin da ke akwai kuma yana bin sarari, ba bututun da zai tare shi. A kudancin nahiyar, Botswana da Zimbabuwe sun daɗe suna gwajin huda shimfiɗar kwal don gas, a Lesedi da Lupane, kuma tafiyar ta yi jinkiri ƙwarai.

Malam, za a iya cika mana tukunyar gas ta girki da ita?

Hajiya, ba iri ɗaya ba ne. Abin da ke cikin tukunyarki butan ne, wani lokaci haɗe da furofan. Da ɗan matsi kaɗan yake zama ruwa, shi ya sa kilo 6 ko 12.5 ke shiga tukunya kina jin yana motsi idan kin girgiza. Metan ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifili, ko kuma a matse ta da ƙarfin gaske a tukunya mai kauri da nauyi. Shi ya sa ake kai ta gidaje ta bututu. Kan murhun ma daban ne, ƙofar fitar gas ɗin ba girmansu ɗaya ba. Warin da kike ji idan tukunya na yoyo kuwa zuba shi aka yi da gangan don a ankara.

Ita ce iskar da ta kashe mutane a tafkin Nyos?

A'a. Abin da ya taso daga tafkin Nyos ranar 21 ga Agusta 1986 ya kashe mutum fiye da 1,700 iskar kabon ce, mai nauyi, wadda ta bi kwari ta shaƙe mutane da dabbobi. Ba ta cin wuta, ba a yin lantarki da ita. Tafkin da ke da metan mai yawa shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, inda tashar KivuWatt ke zuƙo ta daga ƙarƙashin ruwa tana ba da kimanin megawat 26.

'Yan'uwanmu masu haƙar zinariya da masu ginin rijiya, wannan iska na iya samunsu?

A ramukan zinariya irin na Mayo-Rey, Betare-Oya ko Kuri Bugudi, abin da ya fi kisa shi ne ruftawar ƙasa, ƙarancin iskar numfashi a rami mai zurfi, da hayaƙin injin famfo ko janareto da aka kunna a ciki ko a bakin rami. Wannan hayaƙin ba ya wari sosai, mutum sai ya ji jiri da ciwon kai, ya zauna ya huta, shi ke nan. Kada a taɓa sauke inji mai aiki da fetur cikin rami.

Inda metan ke jiran mutanenmu shi ne ramin masai, rufaffen ramin ƙazantar gida, da tsohuwar rijiya da aka daɗe ana zuba shara. Dabarar da aka gada ta sauke fitila a rijiya a ga ko za ta mutu tana nuna ƙarancin iskar numfashi, amma a ramin masai tana iya tayar da gobara. A buɗe murfi a bar shi ya sha iska, kada a leƙa da ashana ko taba, kada mai yasa ya sauka ba igiya a ƙugu da mutum biyu a sama. Idan na ciki ya faɗi, a jawo shi da igiya. Sau da yawa gawa ta biyu da ta uku na waɗanda suka diro ceto ne.

To mu ina tamu metan ɗin take?

Tana nan, kusa ma fiye da yadda ake zato. Ta farko a rijiyoyin mai. Cadi na fitar da ɗanyen mai tun 2003 daga yankin Doba ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi, kuma gas ɗin da ke fitowa tare da mai, wanda akasarinsa metan ne, wani kaso nasa ƙone shi ake yi a sarari, a ƙasar da mutum ɗaya cikin kusan 10 ne ke da lantarki. Filin Sedigi a Kanem an san da gas ɗinsa tun shekarun 1970. Injinan da ke aiki a Sihe irinsu ne za su yi aiki a nan, kuma gas ɗin mai ya fi na rami ƙarfi da tabbas.

Ta biyu a juji. Shara da ta ruɓe a binne tana fitar da metan, kuma kamfanin Hysacam ya kafa bututun tara ta a jujin Nkolfoulou kusa da Yawunde.

Ta uku, wadda ta fi shafar talaka, a kashin shanu. Idan aka dama kashin shanu da ruwa daidai wa daida aka zuba a rufaffen rami da aka gina da bulo da siminti, ƙwayoyin halitta kan ruɓar da shi su ba da gas mai metan kashi 50 zuwa 65. Kilo 25 na ɗanyen kashi na ba da kusan kubik mita ɗaya. Shanu uku ko huɗu da ke kwana a turke na iya ɗaukar girkin ƙaramin gida. Ƙwayoyin sun fi aiki a wajen digiri 35, zafin da Turawa ke kashe kuɗi su samar, mu kuwa kyauta muke da shi. Abin da ya fito daga ɗaya bakin ramin taki ne mai kyau, mai albasa a Marwa ba zai raina shi ba.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Garken da ke yawon kiwo ba ya tara kashi wuri guda. Ramin na shan ruwa kullum, kuma idan magini bai iya ba ya bar tsaga, gas ya gudu a ce abin ƙarya ne. Wurin da ya fi dacewa shi ne inda ƙazanta ke taruwa da kanta: mayanka irin ta Farcha a Njamena ko ta Ngaundere, kasuwar shanu, gidan masu kiwon turke, makarantar kwana, gidan yari. A Njamena, inda gwamnati ta hana gawayi tun 2009 kuma gidaje suka dogara da butan na matatar Jarmaya, duk ranar da tukunya ta yi wuya mata ne ke kwana a layi.

Wannan zai kawo ƙarshen ɗauke wuta a arewa?

Gas ɗin kashin shanu na girki ne da ƙananan injina, ba zai maye gurbin Lagdo ba. Matsalar Lagdo ƙarancin ruwa ne a wasu shekaru, da yashi da ya cika tafkin, da tsufan injina, ga jama'a ta ninka tun 1982. Abin da ya kawo sauƙi a 'yan shekarun nan tashoshin hasken rana ne na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30 a haɗe, abin da ake sa rai a kai kuma shi ne aikin layin da zai haɗa arewa da wutar kudu, inda madatsar Nachtigal mai megawat 420 take, ya zarce har Cadi.

Ɗana na son karatu a wannan fanni. Ina zai nufa?

Alhaji, kada ya ƙuntata kansa ga kwal, tunda ba mu da shi. Ya karanci ilimin duwatsu, haƙar ma'adinai, man fetur da gas, ko injiniyancin makamashi, domin huda rijiya, auna gas, sarrafa iska a rami da gyaran injin gas duk sana'a ɗaya ce ko a ina aka je. Jami'ar Ngaundere na da makarantar ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai a Meiganga. Jami'ar Marwa na da ta ma'adinai da man fetur a Kaele. A Cadi akwai cibiyar man fetur a Mao da ta kimiyya da fasaha a Mongo, a Yamai kuma akwai makarantar ma'adinai ta EMIG. Ya dage da lissafi da kimiyyar sinadarai tun daga sakandare, ya kuma haɗa da Ingilishi a kan Faransancinsa, don yawancin littattafan injinan da ƙa'idojin tsaron rami da shi aka rubuta su. Idan bokon bai yi nisa ba, wanda ya ƙware a walda, haɗa bututu da gyaran janareto mai aiki da gas ma ana nemansa a filayen mai na Doba da Bongor.